Jirgin alfarma da kifin ambar a Dominika: ga amsoshinku, a bar ni in huta

Tun da na saka bidiyon wutsiyar kifin ambar a tekun Dominika wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin duk iri ɗaya. Shekara uku na yi ina aikin kicin a jirgin ruwan haya na masu kuɗi a yankin Karibiyan, to ga amsa sau ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Dominika ɗin ita ce Jamhuriyar Dominikan?

A'a. Ƙasa biyu ne. Wannan ɗan tsibiri ne tsakanin Gwadalup da Matinik, babban birninsa Roseau, mutanensa wajen dubu 70. Dan Allah ku riƙa duba taswira kafin ku yanki tikiti.

Wane irin kifi ne?

Na ambar, wanda turawa ke kira sperm whale. Kuma ba kifi ba ne ma, bakinmu ne dai ya saba. Da huhu yake numfashi, uwar tana shayar da ɗanta nono. Ambar ɗin da ake sawa a turare daga hanjinsa yake fitowa.

Shi ya haɗiye Annabi Yunus (AS)?

Alƙur'ani "hutu" ya ce, bai faɗi iri ba. Je ka wurin malam, ni kuku ne.

Nawa ne hayar jirgin?

Dubban daloli a sati, kuma da yawa. Abin da ba a gaya muku shi ne a manyan jiragen kuɗin haya daban, na mai da abinci da kuɗin tasha daban, sannan ga tukuicin ma'aikata a ƙarshe. Kar ka ci abincina kwana bakwai ka ce "Allah ya saka" ka ɗau jaka.

Idan na biya, zan iya shiga ruwa in yi iyo da su?

To, nan ne sai ka zauna. Eh, ana yi, amma ba yadda kuke zato ba. Na farko dai sai da takardar izini daga hukumomin ƙasar, hayar jirgi ba ta ba ka wannan, kuma ba da safe za ka farka ka ce wa kyaftin "kai ni" ba, tun watanni kafin tafiya ake nema ta hannun masu lasisi. A Nuwamba 2023 gwamnatin firaminista Roosevelt Skerrit ta sanar da keɓe wajen murabba'in kilomita 800 na tekun yammacin tsibirin don kifayen nan, saboda haka ka tambayi dokar da ke aiki a lokacin tafiyarka, kar ka dogara da abin da wani ya yi shekara biyar baya. Na biyu, ko da takarda a hannu ba lallai ka gan su ba. Wajen 200 ne ke zaune a ruwan, iyaye mata da 'ya'yansu, duk shekara suna nan amma teku ba kududdufi ba ne. Ƙaramin kwalekwale ake shiga, jagora ya zura wata na'urar sauraro a ruwa, kowa ya yi tsit, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana buga ƙusa a nesa, a bi sautin. Sukan nutse fiye da mita 1,000 neman abinci, su yi minti 45 a ƙasa, su taso su huta kamar minti 10 su koma, to cikin wannan 'yan mintunan ne rabonka, idan kana neman tabaran ruwa a lokacin shi ke nan. Wani lokacin ku fita kwana uku a jere ba ko feshin ruwa, rana ta huɗu ku same su a tsaye cikin ruwa kai sama suna barci kamar turakun rumfa. Na taɓa ganin wani baƙo ya yi ta yi wa jagora ihu wai ya biya, jagoran ya ce masa kifin bai karɓi komai ba. Idan an ba ka dama: mutum kaɗan ake sakawa, a hankali ake zamewa ba tsalle ba, ba tukunyar iskar numfashi, ba taɓawa, ba bin su, kuma kar ka shiga tsakanin uwa da ɗa. In jagora ya ce yau ba a shiga, ba a shiga. Kuma in ba ka iya iyo sosai ba ka zauna a kwalekwale, ƙarƙashinka shuɗi ne kawai har iya ganinka, na ga ƙato ya leƙa sau ɗaya ya dawo yana salati.

Ba zai kifar da jirgi ba?

Kwantar da hankalinka. Jiragen ne ma ke kashe su, da ragar masunta. Wani mai bincike Shane Gero tun 2005 yake bin iyalan nan, har sunaye suka ba su.

Yaushe ya fi?

Nuwamba zuwa Maris. Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, ku tambayi mutanen can abin da guguwar Maria ta yi musu a Satumban 2017.

Akwai farin yashi na ɗaukar hoto?

Haba. Tsibirin dutse mai aman wuta ne, yawancin yashin baƙi, sauran daji da koguna da ruwan sama. Mai son farin yashi ya wuce tsibirin Antigwa. Nan ka sauka garin Portsmouth a tuƙa ka a kogin Indian River, ko ka taka awa uku zuwa tafkin da ke tafasa in gwiwarka na da ƙwari.

Biza fa?

Yawancin jiragen daga Matinik ko Gwadalup ko Antigwa suke tashi. Biyun farko ƙasar Faransa ne kuma bizar Shengen ba lallai ta shigar da kai ba, ka bincika tun kana gida.

Zan yi amai?

Za ka yi, a mashigin Matinik. Ka sha maganin tun kafin a tashi, ka ci busasshen biskit, ka kalli nesa. Kuma ka yi ta gefen da iska ke tafiya, ni nake wanke wajen.