Furen Suzan Mai Baƙin Ido: Launukansa da Renonsa a Legas

Suzan mai baƙin ido fure ne ɗan asalin Arewacin Amurka, wanda masana tsirrai ke kira Rudbeckia hirta. Dangin furen rana ne, kuma wanda ya saba ganin dogayen ciyayin nan masu fure ruwan ɗorawa a gefen hanyoyin ƙasar Yarabawa zai gane kamar da ke tsakaninsu, domin gida ɗaya suka fito. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa sunan a 1753 don karrama Olof Rudbeck da ɗansa, malaman jami'ar Uppsala. Kalmar hirta kuwa tana nufin mai gashi, kuma da ka shafa ganyen za ka ji dalili: kaushi gare shi kamar harshen saniya. Jihar Maryland ta Amurka ta ɗauke shi furen jiha tun 1918.

Tsayinsa yakan kama daga santimita 30 zuwa mita ɗaya, fāɗin furen kuma ya kai santimita 10. Abin da ake kira "ido" ba baƙi ba ne wuluk. In ka kusanto da shi za ka ga ruwan makuba ne mai duhu, ya taso kamar kan kwalba, kuma tarin ƙananan furanni ne da ke buɗewa zobe-zobe daga gefe zuwa tsakiya. A nan ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ke sauka, a nan kuma iri ke nuna.

Launuka

Na daji galibi launi ɗaya gare shi, ruwan ɗorawa da ido mai duhu. Sauran launukan aikin masu haɗa iri ne. Babban sauyin ya zo ne daga wani masani Ba'amurke, Albert Blakeslee, wanda ya yi ta zaɓen iri, ya kuma yi amfani da sinadarin kolcisin ya ninka ƙwayoyin gadon tsiron, sai furanni suka ƙara girma, ja da ruwan ƙasa suka bayyana a gindin kunnuwan furen. Waɗannan su ake kira Gloriosa, kuma kamfanin iri na Burpee ya fitar da su kasuwa a 1957.

Irin da ake kira Indian Summer, wanda ya ci lambar All-America Selections ta gwajin sababbin irin shuka a 1995, ruwan ɗorawa ne zalla, sai dai furensa ya fi tafin hannu fāɗi. Cherokee Sunset ya ci tasa a 2002: kunnuwansa ninki-ninki ne, ruwan goro da ruwan zuma da ruwan makuba sun gauraya a fure guda, kuma da wuya ka sami tushe biyu masu kama ɗaya. Prairie Sun, na 2003, ya bar gida: idonsa kore ne mai haske, kunnuwan ruwan goro a gindi, suna washewa zuwa ruwan ƙwai a baki. Irish Eyes ma koren ido gare shi. Cherry Brandy ja ne mai kusan ruwan hanta, irin jan zoɓo da aka dafa da kauri, kuma a ganina ya fi kyau idan an jera shi kusa da mai ruwan ɗorawa, don shi kaɗai yakan ɓace a jikin jan bango. Toto gajere ne, bai wuce santimita 30 ba sosai, shi ya fi dacewa da mai ɗaki ɗaya da ɗan baranda.

Akwai kuma Goldsturm, wanda ya fito daga Jamus a 1949. Shi wani jinsi ne dabam, Rudbeckia fulgida, mai shekara da shekaru a ƙasashen sanyi.

Matsalar tsawon yini

Nan ne mai lambu a Legas ya kamata ya buɗe kunne. Wannan tsiro yana auna tsawon dare: sai dare ya gajarta, yini ya yi tsawo, yake fitar da kara ya yi fure. A Maryland yinin watan Yuni yana kusan awa 15. Legas kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, yininta bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina. Sai ka ga mutum ya shuka, ya ba da ruwa, ya zuba taki, tsiron ya baje ganye a ƙasa kamar latas, wata da watanni ba fure, ko ya yi fure a kan guntun kara. Laifin ba na iri ba ne, ba kuma na hannun mai shi ba.

Maganin da manyan masu renon furanni ke yi shi ne katse dare da fitila: a kunna daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, har sai kara ya miƙe ya ɗauki toho. Ba sai haske mai ƙarfi ba. Ƙwan sola guda da aka rataya saman tukwane zai iya wannan aiki, kuma ya fi dogaro da wutar gari.

Shuka da reno

Irin ƙanana ne ƙwarai. Ana barbaɗa shi a kan ƙasa mai laima a danna da tafi, ba a binnewa, domin haske yana taimaka masa ya tsiro, cikin mako ɗaya zuwa uku. Idan ya yi ganye huɗu sai a dasa, a bar tazarar santimita 30 zuwa 45. Yana son rana ta awa 6 ko fiye a yini.

Abin da ya fi tsoro a Legas ruwa ne. Fari yana jurewa, amma saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa, kuma ruwan Yuni da Yuli a Agege ko Idi-Araba yakan kwana a tsakar gida. Don haka gara a shuka a bokitin fenti da aka huda gindinsa, a ɗora kan bulo. A cakuɗa ƙasa da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe ya huce; ɗanyen taki daga mayanka yana ƙona saiwa. Taki da yawa kuma ganye yake kawowa, kara ya yi laushi ya kwanta. Lokacin da ya fi dacewa a yafa iri shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, don tsiron ya girma cikin hunturu, sa'ad da iska ta ɗan bushe.

Danshin iska yana kawo farar ƙura kamar garin alli a kan ganye, da kuma baƙaƙen ɗigo da ke farawa daga ganyen ƙasa. A riƙa ba da ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye, a cire wanda ya kamu a jefar. Furen da ya yi yaushi a yanke shi, wani zai fito a madadinsa. Wanda ke son iri ya bar kai biyu ko uku su bushe a kara, ya murje su a takarda, amma ya sani 'ya'yan ba lallai su ɗauko launin uwa ba.

Mai suna iri ɗaya

A wurin masu sayar da furanni na bakin titi, in ka ambaci wannan suna, mai yiwuwa a miƙo maka wani tsiro mai yaɗo, Thunbergia alata. Ba dangi ba ne ko kaɗan. Shi ɗan gabashin Afirka ne, kunnuwan furensa biyar, ruwan goro ko ruwan ɗorawa ko fari, kuma "idonsa" rami ne mai duhu, ba tudu ba. Yana hawa waya da shinge, ba ya buƙatar fitilar dare, zafin Legas kuma bai dame shi ba. Sai dai yana zubar da iri ya bazu da sauri, don haka a riƙa datse shi kafin ya haye katangar maƙwabci.