Idan mara lafiya ya fice daga asibiti ba a sani ba

Wane irin mara lafiya ne ke ficewa haka?

Galibi tsofaffi ne masu ciwon mantuwa, wanda muke cewa gigin tsufa, sai masu taɓin hankali da waɗanda zazzaɓi ko rauni a ka ya ruɗar. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce shida cikin goma na masu ciwon mantuwa sukan yi wannan yawo, ko da sau ɗaya ne. Ba guduwa suke yi ba. Za ka ga Baba ya miƙe da la'asar sakaliya, yana laluben takalmi a ƙarƙashin gado, wai zai makara aiki a masaƙar Kakuri ta Kaduna da aka rufe shekara da shekaru. Ruɗewar ta fi tsananta da yamma, daidai lokacin da masu dubiya suka cika ƙofa, mai gadi bai san wa ke shiga wa ke fita ba.

To akwai na'urar da ke sanar da fitar mara lafiya, yaya take aiki?

Wani abu ne kamar agogon roba ake ɗaura masa a hannu ko a ƙafa, yana aika siginar rediyo. A bakin ƙofa akwai na'urar da ke jin siginar. Da ya matso, sai ƙararrawa ta kaɗa a teburin nas, wani lokaci ƙofar ta kulle kanta da maganaɗisu. Akwai kuma shimfiɗar da ake sawa a gado, wadda ke yin ƙara da zarar nauyinsa ya bar kanta. Ni wannan ta fi burge ni, don da tsakar dare ake buƙatarta, sa'ad da barci ya sace mai jinya a kan tabarma.

GPS fa, wato na'urar gano inda mutum yake ta tauraron ɗan adam?

A waje yake da amfani. Cikin gini sigina ba ya ratsa kankare sosai.

Idan aka ɗauke wuta?

Nan gizo ke saƙar. Na'urar da ba ta da batir ko sola a bayanta, a Kaduna ado ce kawai. Kuma dole ƙofar ta buɗe da kanta idan gobara ta tashi.

Ba gara a ɗaure shi ba?

A'a. Ɗauri yana ƙara masa firgici, yana kuma jawo gyambo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Asibitinmu ba shi da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan, me za mu yi?

Ku faɗa wa nas tun ranar kwanciya cewa Baba yakan fita. Ku roƙi gado nesa da ƙofa, ku nuna wa mai gadi fuskarsa, ku ɗinke lambar waya a cikin rigarsa. In mai jinya za ta tafi sayen magani, ta bar wa maƙwabciyar gado amana. Bayan sallama, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna a duba musabbabin ruɗewar, don wata takan warke da magani.