Waiwaye: Yadda layi ya tashi daga ofis ya koma kafe

Muhawarar da ake yi a Katsina kan mayar da aikin gwamnati kan kwamfuta ta rabu gida biyu. Wasu na cewa a rungumi sababbin manhajoji, har da ƙirƙirarriyar basira, kada a bar mu a baya. Wasu kuma na cewa a fara gyara na hannu, tunda har yau fayil na iya kwana wata guda a kan tebur. Mai sauraro zai ɗauka jiya aka soma, alhali an haura shekara 20 ana tafe.

Farkon labarin sananne ne. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, shekarar da aka kafa NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa. A 2007 gwamnatin tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS don rage ma'aikatan bogi, lambar tantance masu asusun banki (BVN) ta zo a 2014, asusun bai-ɗaya na kuɗin gwamnati ya kankama a 2015, sannan a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne jarrabawar JAMB, ta neman shiga manyan makarantu. An fara gwada ta a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta koma can gaba ɗaya. A ganina nan ne talakan Katsina ya fara haɗuwa da gwamnati ta fuskar allo. Albashi da asusu harkar ma'aikata ce; wannan kuwa ta shiga kusan kowane gida mai ɗan sakandare. Yaro ya taso daga Mai'aduwa ko Batsari bai taɓa dafa kwamfuta ba, dole ya nemi wanda zai cika masa. Masu kafe, wato shagunan intanet, suka yi kasuwa. Jarrabawar kanta ta ci riba, domin sakamako ya riƙa fitowa cikin 'yan kwanaki. Amma a gefe wata al'ada ta kafu: duk abin da aka ce a yi ta intanet, ma'anarsa a je kafe. Neman aiki, tallafin karatu, biyan kuɗin makaranta, duk hanyar ɗaya ce.

Leƙa kowane kafe a bakin makarantun birni lokacin rajista. Janareta na ruri a ƙofa, mutane a jere kan benci, kowa da ambulan ɗin takardu. Yaron shago ne ke buɗe wa mutum imel, shi ke zaɓa masa lambar sirri ya rubuta a bayan rasit, wani lokaci ma lambar wayarsa yake sawa don a yi sauri. In an ce "babu sabis", sai gobe. Aikin da akawu ke yi a da cikin albashinsa, yanzu mai buƙata ke biya daga aljihunsa.

Kuma bayan an gama cikawa, sai a buga silif, a yi fotokwafi, a sa a fayil a kai ofis don sa hannu da hatimi. Dalili kuwa, har yanzu takarda ce shaidar da mai binciken kuɗi da ma'aikaci suka fi yarda da ita, kuma ba laifinsu ba ne: wanda wuta ta taɓa ɗaukewa yana tsakiyar aiki ba zai yar da littafinsa ba. Sai aka wayi gari da tsari biyu, kowanne da kuɗin tafiyar da shi.

A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 daga cikin 34 na jihar saboda matsalar tsaro, mutanen Funtuwa, Jibiya da Dutsin-ma sai da suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa inda ake samun sabis don cika fom ɗin da aka ce daga gida ma ana iya cikawa.