Waiwaye: Fulorayid da ƙasusuwan masu haɗa takin zamani

Tun daga 2024 ake ta kai ruwa rana a Amurka kan sinadarin fulorayid da ake zubawa a ruwan famfo. Wasu na cewa yana kare haƙoran yara, wasu na cewa yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsu, har jihohin Utah da Florida suka hana zuba shi a 2025. Duk cacar bakin nan a kan miligiram 0.7 ne cikin lita guda. Amma akasarin sinadarin daga masana'antun takin fosfet ake samo shi, kuma a can an fi shekara ɗari ma'aikata suna shaƙarsa ba tare da an yi musu irin wannan kururuwa ba.

Dutsen fosfet na ɗauke da fulorayid kusan kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Tun 1842 da aka yi rajistar dabarar a Ingila, zuba masa asid irin na ruwan batir ake yi don ya zama takin da shuka za ta iya sha. Da zarar asid ya taɓa shi sai tururi mai yaji ya tashi, ya sa ido hawaye, ya ƙona maƙogwaro, har gilashin tagogi yakan dusashe. Wanda ya shiga jiki kuwa, ƙoda ta fitar da wani a fitsari, saura ya kwanta a ƙashi shekara da shekaru.

Labarin farko sananne ne. A 1932 likitoci a Denmark suka ga ƙasusuwan ma'aikatan da ke niƙa wani dutse mai fulorayid sun yi kauri fiye da ƙima, a 1937 Dakta Kaj Roholm ya bayyana cutar filla-filla: ciwon baya da gaɓoɓi, jijiyoyi su sandare, mutum ya kasa sunkuyawa ya ɗauki abu a ƙasa. A shekarun 1950 shanu da gonakin lemo suka lalace a yankin fosfet na Florida, aka fara sa na'urorin wanke hayaƙi. Abin da na'urorin ke tarewa shi ne ake sayarwa don ruwan famfo.

Inda ya kamata a tsaya shi ne 1963. A shekarar aka wallafa binciken Derryberry da abokan aikinsa kan ma'aikata 74 na wata masana'antar takin fosfet a Amurka. An auna iskar wurin aiki, an auna fitsari, an ɗauki hoton ƙashi. Mutum 17 aka ga alamar ƙarin kauri a ƙashinsu, wanda aka kira kaɗan ko mai shakku, kuma iskar da suke shaƙa na ɗauke da kusan miligiram 3.4 a kowace kubik mita. Wannan bincike na cikin manyan hujjojin da suka ba iyakar miligiram 2.5 a kowace kubik mita ta iska na aikin awa takwas gindin zama, kuma da ita ƙasashe da dama ke aiki har gobe.

A ganina nan gizo ke saƙar. Tazarar da ke tsakanin 3.4 da 2.5 ba ta da yawa. Sannan ma'aunin cuta ya koma abin da hoto ya nuna, alhali ciwon ƙugu da tsamin gaɓoɓi kan iya riga hoton zuwa, sai a ce wahalar aiki ce ko tsufa, a ba mutum maganin ciwon jiki ya koma bakin aiki. Irin wannan bincike kuma waɗanda ke bakin aiki yake samu. Wanda jiki ya hana shi zuwa ba ya cikin lissafi. Lissafin awa takwas bai san leburan da ke yin awa goma sha biyu cikin zafi ba, yana haki, ya sauke takunkumi don ya samu numfashi, ga shi yana ɗirkar ruwan da wataƙila shi ma akwai fulorayid a ciki. Bai san mai ciwon ƙoda ba, wanda jikinsa ke riƙe fiye da na kowa. Jamus dai ta sauke tata iyakar zuwa miligiram 1.

Mutanen Tibiri a jihar Maraɗi ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da fulorayid ke yi wa ƙashi, sun gani a jikin ɗaruruwan yaransu da ruwan rijiyar burtsatse ya lanƙwasa wa ƙafafu. Ga shi akwai dutsen fosfet a Sakkwato da Tawa, kuma kullum ana zancen sarrafa shi a gida. Takin yuriya ba shi da wannan matsala. Haɗarin yana inda ake niƙa dutsen da inda ake zuba masa asid. A waɗannan sassa ne ake buƙatar injin zuƙe tururi tun daga bakin tukunya, da gwajin fitsari kafin shiga aiki da bayan tashi, ga ma'aikacin dindindin da ɗan kwantiragi baki ɗaya, a kuma ci gaba da bibiyar lafiyar wanda ya bar aikin.