Zafin bazara da hadarin farko a Maradi: abin da masu hasashe ke hangowa da abin da ke kuɓuce musu

Daga tsakiyar Afrilu har ƙarshen Mayu, kowace fadar shayi ka zauna a Maradi hirar ɗaya ce: wannan zafi, da kuma yaushe ruwa zai sauka. Tambayoyin nan su ne na fi ji a bakin mutane. Na tattara su ne domin zafi da hadari duka suna kisa, kuma da yawan asarar ana iya kauce mata in labari ya iso da wuri.

Me ya sa zafi ya fi tsanani a Afrilu da Mayu?

Maradi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a ƙarshen Afrilu rana ke ratsawa daidai tsakar ka. Ka tsaya a tsakar gida da rana tsaka, za ka ga inuwarka ta maƙale ƙarƙashin ƙafarka. Ga shi kuma ƙasa ta yi wata shida ko bakwai ba ta ga ruwa ba. Da akwai danshi, da wani kaso na zafin ya tafi wajen busar da shi. Tunda babu, sai rairayi ya gasu, shi kuma ya gasa iskar da ke kansa. Shi ya sa ma'auni ke kai digiri 40 ko ya haura kwana da kwanaki. A tsakiyar Agusta ma rana tana komowa tsakar ka, amma lokacin ga gajimare ga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Rediyo ta ce digiri 42, amma jikina na gaya mini ya fi haka. Wa ke da gaskiya?

Ku duka biyun. Ana auna zafin ne a inuwa, cikin farin akwati mai ƙofofin shan iska, sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗan kabu-kabun da ke kan kwalta da matar da ke girki a ɗaki mai rufin kwano ba a cikin wannan akwati suke ba.

Sannan akwai danshi, wanda a ganina shi ya kamata a fi yi wa jama'a bayani. A Maris iska busasshiya ce, zufa na fitowa tana bushewa, bushewar nan kuma ita ke sanyaya jiki. In Mayu ya kama, iska mai laima ta fara shigowa daga kudu, sai zufa ta tsaya a jiki tana tsiyaya ba ta bushewa. Digiri 40 na Mayu ya fi 42 na Maris wahalar da jiki. Dare ma ba ya hucewa, bango da kwano suna ta amayar da zafin da suka sha da rana. Jikin da bai huta da dare ba, kwana uku ko huɗu a jere, shi ke faɗuwa, musamman na tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko na ƙoda.

To yaya ake sanin zafin jibi tun yau?

Tashoshin awo suna aika zafi, danshi da ƙarfin iska. A wasu manyan tashoshi ana sakin balan-balan ɗauke da na'ura, ta hau sama tana aunawa. Taurarin ɗan Adam na Meteosat kuma suna ɗaukar hoton Afirka kowane minti 10 zuwa 15. Manyan kwamfutoci ke haɗa wannan duka su lissafa inda iska za ta dosa, sannan ma'aikatan hukumar yanayi ta ƙasa a Yamai su duba, su gyara da sanin da suka yi wa ƙasar. A Yamai ɗin ne kuma cibiyar AGRHYMET take, mai nazarin yanayi, ruwa da noma, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, da cibiyar yanayi ta ACMAD mai yi wa Afirka gaba ɗaya aiki.

Zafi yana da sauƙin hangowa, don abu ne mai faɗi, yakan lulluɓe ƙasashe da yawa lokaci guda kuma ba ya gaggawar tashi. Akan gan shi tun saura kwana biyar ko mako. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitocin Bamako sun ga mace-macen da suka wuce na kullum nesa ba kusa ba. Irin wannan zafi ba ya faɗowa bagatatan. Abin da ke ragewa shi ne gargaɗin ya kai kunnen mai tsohuwa a ɗaka.

Mece ce alaƙar wannan zafi da hadari?

Zafin ne ke haifar da hadarin. Iska biyu ke ja-in-ja a samaniyarmu: busasshiya mai zuwa daga arewa maso gabas, wato ta hunturu, da mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana hawowa arewa sannu a hankali tun daga Maris, kuma masu hasashe suna bin sawunta a taswira kamar yadda makiyayi ke bin sawun garke. In ta ƙetare Maradi, laima ta iso ke nan. Amma ruwan kirki yana baya da ita da ɗaruruwan kilomita, shi ya sa mukan yi makonni cikin gumi ba ko ɗigo.

Da rana ƙasa mai zafi tana tura wannan iska mai laima sama. Tana hawa tana sanyi, laimar ta dunƙule ta zama gajimare, gajimaren ya yi ta toroƙo har ya haura kilomita 15. Sai dai sau da yawa akwai wata iska mai ɗumi a sama da ke danne ta kamar murfin tukunya. Kwanaki su wuce ba abin da ya faru, ƙarfi na taruwa a ƙasa. Ranar da murfin ya ɓalle, abin da aka tara ya fita gaba ɗaya. Dalilin da ya sa hadarin farkon damina ya fi na Agusta iska da hauka ke nan.

Me ya sa hadari ke tasowa daga gabas, kuma ƙura ke riga ruwa?

Wajen kilomita uku zuwa huɗu a sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke jan hadarin. Yakan jeru ya zama dogon layi, yana tafiyar kimanin kilomita 50 a awa. Ruwan da ke zubowa ta cikin busasshiyar iska yana sanyaya ta, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu gaba da gudu. Ita ce iskar nan mai sanyi da ke tayar da jan bangon ƙura, ta yaye kwano, ta karya reshen dogon yaro. Wani lokaci ruwan ma ba ya isowa ƙasa, ƙura kawai za a sha.

Akwai amfani a nan. Daga Damagaram zuwa Maradi ya fi kilomita 200, wato tafiyar kamar awa huɗu ga hadari. In ɗan'uwanka ya bugo waya daga Tasawa ko Gazawa ya ce iska ta taso musu, kana da lokacin kwashe shanya, kora dabbobi gida da kiran yara.

An ce za a yi ruwa, ba a yi ba. Ba ƙarya suke yi ba?

A'a. Mai hasashe yana iya ganin cewa yau kayan haɗin sun cika a yankin: zafi, laima da iskar sama. Abin da ba ya iya faɗa tun da safe shi ne a kan wane gari murfin zai ɓalle. Ana iya tafka ruwa a Madarunfa, a Tibiri ko yayyafi babu. Tashoshin awo ma sun yi mana kaɗan idan aka dubi faɗin ƙasar. Don haka in an ce akwai yiwuwar hadari mai ƙarfi a jihar Maradi, maganar yanki ake yi, ba ta unguwarku ba. Hasashen hadari da ya fi inganci shi ne na awa biyu zuwa shida, bayan gajimaren ya riga ya bayyana a hoton tauraro ana ganin inda ya nufa. Irin wannan sanarwa kuwa ba ta jiran labaran dare. In ba ta zo da Hausa ba, ta gidajen rediyon gari da saƙon murya a waya, manomin Dakoro ba zai amfana da ita ba.

Wani dattijo ya ce mini: "Yaro, wannan ba shiga gaibu ba ne?"

Na ce masa, Baba, ku da kanku in kun ga shamuwa ta dawo tana sheƙa, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juyo daga kudu, kukan ce damina ta kusa. Alama kuka karanta. Su ma alama suke karantawa, sai dai da na'ura. Saukar da ruwa na Allah ne, shi ya sa mai hasashen kirki ba ya cewa tabbas.

In ruwan farko ya sauka a Mayu, a yi shuka?

Nan ake asarar iri. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, hatsi ya tsiro, sai a yi kwana 15 ba hadari, zafin rairayi ya ƙone shi. Ma'aunin da masana noma a Sahel suka saba bi shi ne a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada dogon fari ya biyo baya cikin kwana 30. Rabin farko kwalbar awon ruwa ta ƙauye za ta gaya maka, rabi na biyu sai hasashe. Kowace shekara wajen ƙarshen Afrilu masana na yankin sukan zauna su fitar da hasashen damina, ko za ta faɗi da wuri ko a makare. Mai yin binne ya nemi jin wannan kafin ya zuba duk irinsa a rami.

Shin hadarin yanzu ya fi na da ƙarfi ne?

Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, bisa hotunan tauraro na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarin zafin Sahara. Mutanen Maradi da suka ga ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin gari, sun san abin da ake nufi.

Me mutum zai yi in an yi gargaɗi?

In na zafi ne, a mayar da aikin ƙarfi sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa tun kafin ƙishirwa, a riƙa leƙa tsofaffi, don su ba sa jin ƙishirwa da wuri. Jariri a ƙara ba shi nono. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.

In na hadari ne, a duba ƙusoshin kwano tun Afrilu, a yashe magudanar ruwa, kada a kwana jikin katangar ƙasa da ta tsage. Wanda hadari ya tarar a gona kada ya fake ƙarƙashin itace, ko da gawo ɗaya ne tak a filin, don dogon abu da ke tsaye shi kaɗai aradu ta fi faɗa wa. Ya ajiye hauya, ya nisanci tabki da gulbi, ya nemi ginin kirki ko mota mai rufi. In ka ga walƙiya, ka ƙirga har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ba ka kai 30 ba, tana kusa da za ta iya samunka. Bayan tsawar ƙarshe kuma a ƙara rabin awa kafin a bar yara su fita wasan ruwa.