Mamaye ƙasar maƙwabci: abin da yaƙinmu da Libiya ya nuna

Duk ranar da rediyo ya ce wata ƙasa ta auka wa maƙwabciyarta, musu kan kaure a teburin mai shayi a unguwarmu ta Njamaina. Samari su ce ai mai ƙarfi shi ke da magana. Mu 'yan Cadi ba sai mun je nesa neman amsa ba, domin an taɓa yi mana.

Me ke kai shugaba ga tura soja ƙasar maƙwabci?

Kwaɗayin ƙasa ko arzikin da ke cikinta, tsoro, ko son ɗora yaronsa a kan mulki. Gaddafi ya haɗa su duka. A 1973 sojojinsa suka zauna a zirin Auzu da ke ƙuryar arewacinmu, yana kafa hujja da wata yarjejeniyar Faransa da Italiya ta 1935 wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Amma ni a ganina babban abin da ya ba shi ƙwarin gwiwa shi ne rikicin cikin gidanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To ai da farko ya ci nasara, ko ba haka ba?

Ya ci, kuma nan ne tarkon yake. A Disamban 1980 tankokin Libiya suka shigo har Njamaina, suka taya shugaban ƙasa na lokacin, Gukuni Wadai, korar abokin hamayyarsa Hisen Habre. Wata ɗaya bayan haka aka yi shelar haɗe ƙasashen biyu. Nan take hankalin maƙwabta ya tashi, Najeriya da sauran ƙasashen Afirka suka ce ba su yarda ba. Kafin Nuwamban 1981 ya ƙare, Gukunin da aka zo taimaka wa shi da kansa ya nemi baƙin su tattara, kuma a Yunin 1982 Habre ya karɓe birnin. Shiga gari aikin mako ne, zama a cikinsa shi ne wahalar. Kowace jarkar mai, kowane buhun abinci, sai ya ƙetaro ɗaruruwan kilomitoci na sahara, ga sojan da bai san dalilin da zai mutu a garin Faya da ke arewacinmu ba.

Yaya matalauciyar ƙasa ta kori mai jiragen yaƙi da kuɗin fetur?

Mutane sun fi riƙe labarin motocin Toyota, kuma gaskiya ne. A Janairun 1987 dakarun Cadi ƙarƙashin kwamandansu Hasan Jamus suka faɗa wa sojojin Libiya a garin Fada a buɗaɗɗun motoci masu ɗauke da makaman fasa tanka, a watan Maris suka kama babban sansanin Wadi Dum, a Satumba har suka kai farmaki sansanin Ma'atan as-Sarra a cikin Libiya kanta. Motar ta fi tanka sauri a rairayi, kuma direbanta ɗan wurin ne.

Sai dai abin da ya fi motar muhimmanci ya faru tun ƙarshen 1986, lokacin da mayaƙan Gukuni na yankin Tibesti, waɗanda Libiya ta sake shigowa arewacinmu tana mara wa baya bayan Habre ya kore su, suka juya mata baya suka haɗa kai da gwamnatin Habre. Mutanen da suka yi shekaru suna kashe juna, baƙon soja ya sa suka tuna ƙasarsu ɗaya. Wannan lissafin ne mai mamaya ba ya yi.

Kada kuma mu ɓoye hannun waje. Faransa ta ja wa Libiya layin da ba za ta ƙetare ba a tsakiyar ƙasar tun 1983, ta tsare sararin sama, ta ba da makamai, Amurka ma ta taimaka. Gaddafi ya shigo da niyyar rage ƙarfin Turawa a yankin, sai ga shi ya ba su dalilin zama. Rundunar da Faransa ta girke a 1986 ta yi ta sauya suna, ba ta bar sansaninta na ƙarshe a Njamaina ba sai Janairun 2025.

Yaƙin ne ya dawo da Auzu?

A'a. Sojojinmu sun kama garin a Agustan 1987, Libiya ta ƙwace kafin watan ya fita. Kotun Duniya da ke Hag ce ta raba gardama ranar 3 ga Fabrairun 1994, alƙalai 16 suka ba Cadi gaskiya, ɗaya ya saɓa, bisa yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya. A ƙarshen Mayun shekarar Libiya ta janye. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun ga irin haka: hukuncin kotun na 2002 ne ya mayar musu da Darak a tafkin Cadi da kuma Bakasi daga hannun Najeriya.

Ko dai Gaddafi ne kawai bai yi sa'a ba?

Idi Amin na Uganda ya shiga Kagera ta Tanzaniya a 1978, zuwa Afrilun 1979 ya rasa Kampala. Saddam ya haɗiye Kuwait a Agustan 1990, wata bakwai aka fitar da shi, takunkumi ya biyo baya fiye da shekara goma. Akwai masu riƙe ƙasar wani tsawon shekaru, amma da wuya duniya ta amince musu, kuma Afirka ta riga ta yanke tun taron Alƙahira na 1964 cewa a bar iyakoki yadda aka gaje su.

Mu da muka yi nasara, me muka biya?

Wannan tambayar ce ke min ciwo. Dattawanmu suna tuna 1980, yadda aka riƙa ƙetare kogi a kwalekwale zuwa Kusiri ta Kamaru da yara a baya da tabarma a ka. Habre kuwa ya fake da sunan kare ƙasa, manyan ƙasashe suka kau da kai, 'yan sandan sirrinsa suka azabtar da dubban mutane. Hasan Jamus, gwarzon Fada, a hannun gwamnatin da ya yi wa yaƙi ya mutu a 1989. Sai a 2016 wata kotu a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai. Halifa Haftar, hafsan Libiya da aka kama a Wadi Dum, shi ne daga baya ya zama mai iko da gabashin Libiya. A Barku da Enedi da Tibesti kuwa, nakiyoyin da aka binne a wancan yaƙin suna nan cikin rairayi, makiyayi na bin sawun raƙuminsa yana duba inda zai sa ƙafa.