Waiwaye: Yadda Renon Yara Ya Zama Darasi a Jami'o'in Amurka

Jami'o'in Amurka da dama suna da sashen nazarin tasowar yara da zaman iyali. A nan ake horar da malaman makarantun raino, da masu ziyartar gidajen masu jego, da masu ba iyaye shawara. Wanda ya bi sawun fannin zai ga cewa daga kwalejojin noma ya ɓullo, shi ya sa har yau yake fama da kallon raini a cikin jami'a.

Dokar Morrill ta 1862 ce ta bai wa jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere. Da 'yan mata suka fara shiga, sai aka ware musu darasin tattalin gida: girki, tsafta, ɗinki da lissafin cefane. Ellen Swallow Richards, mace ta farko da ta yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT, ta jagoranci tarurrukan Lake Placid tun daga 1899 don a ɗauki darasin a matsayin kimiyya. Reno yana ciki, amma can a ƙarshen layi.

Wadda ta jawo shi gaba matar aure ce a birnin Des Moines na jihar Iowa, Cora Bussey Hillis. Hujjarta ba ta da wuyar ganewa. Jihar Iowa tana kashe kuɗi a kan binciken masara da aladu, manomi ya san abin da zai ciyar da dabbarsa ta yi ƙiba, amma uwa ba ta da inda za ta tambaya game da ɗanta. Ta yi shekaru tana zarya wajen 'yan majalisa suna juya mata baya, sai a 1917 suka amince da dala 25,000 a shekara, aka buɗe cibiyar binciken yara a Jami'ar Iowa. A shekarun 1920 kuɗin gidauniyar Laura Spelman Rockefeller, ta hannun jami'inta Lawrence Frank, suka tallafa aka kafa irinta a jami'o'in Columbia da Minnesota da Berkeley.

Ba duk abin da aka yi da sunan ilimi ba ne abin alfahari. A Jami'ar Cornell, daga 1919 zuwa 1969, akan aro jariri daga gidan marayu a kawo shi gidan gwaji na ɗalibai. 'Yan mata su riƙa karɓa-karɓa: wannan ce uwa na wasu kwanaki, ta yi masa wanka, ta haɗa madara, ta kwantar da shi daidai da agogo, sannan ta miƙa wa ta gaba. Bayan kimanin shekara a ba da shi ga masu son riƙo. A lokacin ana ganin yaron ya dace, tunda ya samu abinci da likita. Tambayar da ba a yi ba ita ce wa yaron ya sani a matsayin uwarsa. Rahoton da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, kan shaƙuwar jariri da mai renonsa, ya sa tambayar ta yi nauyi.

Babban abin da fannin ya bayar kuwa daga Iowa ya fito. A shekarun 1930 Harold Skeels ya bibiyi marayu 13 da aka mayar wata cibiyar masu raunin ƙwaƙwalwa, inda matan da ke zaune a ciki suka rungume su, suna ɗaukarsu, suna yi musu wasa da hira. Makinsu a gwajin basira ya tashi sosai, na 12 da aka bari a gidan marayu kuma ya faɗi. Manyan masana irin su Lewis Terman, da suka yi imani basira gado ce, suka yi wa masu binciken Iowa ca. Gaskiya ne yaran ba su da yawa kuma tsarin binciken yana da giɓi, amma da Skeels ya nemo su bayan sun girma, a binciken da ya wallafa a 1966, ya tarar rukunin farko suna riƙe da kansu, da yawa daga na biyu kuwa suna cibiyoyin gwamnati ko ƙananan ayyuka.

Wannan tunani ne ya share wa Head Start, shirin gwamnati na ilimin ƙananan yaran talakawa, hanya a 1965, lokacin Shugaba Lyndon Johnson. Urie Bronfenbrenner na Cornell yana cikin kwamitin da ya tsara shi, kuma ya dage cewa a sa iyaye a ciki, don yaro ba ya tashi shi kaɗai. Nan take aka buƙaci dubban ma'aikata, sai aka ƙirƙiro takardar shaidar ƙwarewa a kula da ƙananan yara, wato CDA, wadda aka fara bayarwa a 1975.

Sassan tattalin gida kuma suka shiga sauya suna don gudun a ce karatun mata ne. Cornell ta yi haka a 1969, ƙungiyar masanan ta ƙasa ta bi a 1994. Sauya allon ƙofa bai taɓa albashi ba. Masu kula da ƙananan yara suna cikin ma'aikata mafi ƙarancin samu a Amurka, kuma mai digiri a fannin yakan bar ajin 'yan shekara uku ya koma firamare saboda can ne kuɗin ya fi.